Dutsen da Bai Ci Kowa Ba

A Idumota, hawa na biyu, inda janareta ke tari,
shagona bai fi shimfiɗar tabarma biyu ba.
Shekara talatin da ɗaya ina ɗaura dutse a kan zinariya,
ido ɗaya a tsuke, ɗaya a cikin madubi.

Ran Laraba, ruwan Ikko ya ɗauke kamar ya gaji,
sai ga Abisola, takalmi a hannu, ƙafa duk taɓo.
Ta warware ƙyalle ta ce, "Baba Sambo, zoben aurena."
Shuɗi ne.
Irin shuɗin da na sani.

Na kai shi ido, na nemi tabo, babu.
Na nemi 'yar tsagar nan da ƙasa ke yi wa 'ya'yanta
kamar shasshawa a kunci, babu.
Garau, sai ka ce ruwan da aka tace sau bakwai.
Na ce, "Daga wane rami?"
Ta yi dariya. "Ba rami, Baba. A ɗakin gwaji aka raine shi,
wuta da inji suka yi naƙudarsa.
Da canjin ma na biya mai ɗinki."

Jabu. Kalmar ta zo har bakin haƙori,
na cije ta.
Sikeli bai ƙaryata shi ba, ƙarfe bai karce shi ba,
haske ya shiga ya fito da fara'arsa.
To wa zan kai ƙara?

A ƙarƙashin tebur akwai gwangwanin madara.
Ba na buɗe shi gaban mutane.
Ranar na buɗe.

Ƙanena Ilu ya hau tsaunin Mambila da diga aro,
igiya a ƙugu, tocila a goshi,
gaba goma sha biyu cikin ƙasa.
Ya kan ce, "Yaya, dutse ɗaya tak, in rufa wa Inna kwano."
Cikin damina ramin ya haɗe bakinsa.
Kwana uku ana tono.
Da aka ɓamɓare yatsunsa, ga shi nan,
bai kai ƙwayar wake ba, da tsaga a tsakiya.
Dillali ya juya shi ya taya buhun masara.

Na jera su biyu a kan farar takarda:
na Ilu, dusu-dusu, mai tarihi,
na Abisola, tas, ba uwa ba kabari.
Mu 'yan kasuwa mun ce na ƙasa ne na asali.
Ban taɓa tambaya ba ko asalin nan
daga ƙasar yake, ko daga wanda ta danne.

Amma kada in yi saurin tafi.
Ɗan Ilu, Ɗahiru, yana can har yau,
ya gaji igiyar, ya gaji tarin.
In inji ya cika duniya da shuɗi mai araha,
wa zai sayi abin da ya tono?
Ramin da ke cin mutum, shi ke ba shi tuwo.
Wannan lissafi ya fi ƙarfin sikelina.

Na hura wuta, na lanƙwasa ƙafafu huɗu na zinariya,
na zaunar da baƙon dutsen, ya zauna daram
kamar dama gidansu ne.
Ta sa a yatsa, ta ɗaga wa taga,
ta ce, "Ya yi, ko?"
Na ce ya yi. Kuma ban yi ƙarya ba.

Ta sauka, danfo ya haɗiye ta wajen gadar Kata.
Na mai da murfin gwangwani.
Na kira Ɗahiru sau uku,
matar cikin waya ta ce ba a samunsa yanzu.
Ƙarƙashin ƙasa babu sabis.
Na bar wayar kusa da sikeli,
ina jira ya hauro.